Na Je Sauraren Sama, Na Bar Baba a Soro

Tarauni zuwa Gyaɗi-Gyaɗi

Tun kafin kiran assalatu na kulle gidana na Tarauni. Ana yayyafi irin na tsakiyar damina, wanda ba ya jiƙa mutum sai ya raina shi. Mai adaidaita sahun da muka yi alkawari da shi yana bakin layi, ya sauke labulen leda ya duƙunƙune a ciki. Na ce masa mu fara biyawa ta Gyaɗi-Gyaɗi in yi sallama da mahaifina, daga nan sai filin jirgi.

"Umara ce, Malam?"

"A'a, aiki ne. Afirka ta Kudu za ni."

"Wane irin aiki ne har can?"

Na ce masa akwai wasu manyan farantai da aka kafa a daji, masu kama saƙo daga sama, su zan je in yi aiki da su. Ya leƙo ni ta madubi.

"Au, dish? Haba Malam, ai akwai masu haɗawa a Zoo Road."

Ban ja da shi ba, don na saba. Ni malamin fiziks ne a jami'a, kuma duk dangina babu wanda ya taɓa sauraron bayanin aikina har ƙarshe. Shekara da shekaru ina neman a ba ni lokaci a kan waɗannan farantai, sai bana Allah ya yi. In ban je ba a ba wani, digirin da nake ta fama da shi kuma ya bi ruwa.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Ya yi Ikko, ya yi Fatakwal, ya yi Kumasi, amma yanzu tsufa ya ruɗa shi. Ya manta maƙwabta, ya manta jikoki. Yaya Rabi, babbar yayarmu da ke zaune da shi, nas ce a asibitin koyarwa, ita ke masa komai, amma Malama yake ce mata, yana yi mata godiya kamar wadda aka turo daga asibiti. Ni kaɗai na rage masa. Kullum bayan sallar asuba nakan tako daga Tarauni in tsuguna a ƙofar soro, shi kuwa yana kan buzunsa, ya ɗago ya ce, "Abbana, ka zo?" Sunan mahaifinsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba.

Ran nan ma haka ya ce. Na gaishe shi, na ce masa tafiya ta kama ni zuwa kudu.

"Ta Jebba za ka bi?"

"Ta nan ne, Baba."

"To ka duba ruwan lagireto tun a Mokwa. Kada ka yarda yaron mota ya ce maka ya duba."

Ya sa mini albarka, na tashi. Yaya Rabi ta biyo ni har ƙofar gida da kayan aikinta a jiki.

"Sati uku fa, Abba. Ka san abin da likitansa ya ce. Ganin kullum ne yake riƙe da kai a kansa."

"Zan dinga kira, Yaya."

"Kira? Hmm. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni dai na gaya maka."

Ta faɗa da zafi, amma ta tura mini ƙunshin kilishi da ƙullin yaji a jaka, ta juya da sauri don kada in ga idonta.

Legas

Jirgin safe ya sauke mu a Legas da hantsi, na Afirka ta Kudu kuwa sai bayan isha. Wuni guda na yi a kan kujerar ƙarfe ina kallon mutane. Kowa da mai rakiyarsa, ana rungume-rungume, ana rabon saƙo. Na sayi shayin da kuɗinsa zai shayar da majalisa guda a Darmanawa, kuma ba shi da kauri ko kaɗan.

Bayan la'asar na kira gida. Yaya ta kara wa Baba wayar a kunne. Na yi sallama, na ce, "Baba, Abba ne, na iso Ikko lafiya." Ina jin numfashinsa. Na sake faɗa da ƙarfi, har wata mata da ke kusa da ni ta janye jakarta. Can sai na ji ya ce, "Malama, a rage rediyon nan."

Ashe Baba bai san murya ba sai da mai ita. Ban taɓa lura ba, don ban taɓa yin nisan da zan kira shi ba. Da wannan tunanin na hau jirgi.

Johannesbag da Kef Tawun

Mun sauka da sassafe. Na bar Kano ana damina, na tarar da hunturu mai shiga ƙashi, ga ni da 'yar shara da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Aka duba katin allurar shawara, aka buga mini hatimi. Ina murna na tsallake, sai ga wani ɗan guntun kare da rigar aiki ya zo ya zauna a gaban jakata, ya ƙi tashi.

Ma'aikaciyar da ke riƙe da shi ta buɗe ƙunshin Yaya Rabi, ta ɗaga fallen kilishi ɗaya tana dubawa a haske.

"Wannan fata ce ko nama?"

"Nama ne, ranki ya daɗe. Yayata ce ta ba ni."

"Ka yi haƙuri, nama ba ya shiga."

Ta bar mini yajin, bayan ta shinshina ta yi atishawa. Ina kallo aka jefa kilishin a kwandon shara, karen yana kaɗa jela.

Wani jirgin ya kai ni Kef Tawun, gari tsakanin dutse da teku. A nan na sadu da Dokta Tandeka, wadda za ta kula da aikina, mace mai fara'a da saurin magana. Ta ara mini rigar sanyin mijinta, hannun ya rufe mini har yatsu. Da azahar na fita in daidaita alƙibla, na ga rana ta karkata arewa sosai, irin karkatar da ban taɓa gani ba ko da na karanta shi a littafi. Sai da na tambayi wani dattijo mai farar hula kafin hankalina ya kwanta. Kwana biyu na yi ana koya mini dokokin wurin da za mu, kuma dukansu doka ɗaya ce: kada ka yi ƙara.

Hanyar Karu

Mun tashi da duku-duku a wata farar mota mai shan gas, direbanmu sunansa Pita, ɗan makiyayan tumaki ne na yankin. Da muka ƙetare duwatsu sai koren ƙasa ya ƙare, muka shiga Karu, wani fili mai tsakuwa da gajerun ciyayi wanda ba shi da iyaka. Ba gari, ba ruga, ba mai tallan gyaɗa, ba ko shingen 'yan sanda da mutum zai ji haushinsa ya ɗebe kewa. A hanyar Zariya in mota ta tsaya, kafin ka buɗe ƙofa mutum goma sun zo ba ka shawara. Nan kuwa mun yi tafiyar awa guda ba mu gamu da mota ba.

"Ina mutanen ƙasar nan?" na tambayi Pita.

"Suna nan. Ga gidan maƙwabcinmu can." Ya nuna wani ɗigo fari a gindin dutse mai nisa. "Muna haɗuwa ranar Lahadi, in an yi sa'a."

Can gaba muka tsaya shan mai a wani ɗan ƙauye mai coci ɗaya da kanti ɗaya. Na ci burodi da yajin Yaya. Muna barin ƙauyen sandunan wayata suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya, har suka ɗauke.

Ƙofar shiga

Da yamma muka iso shinge. Wani ma'aikaci ya zagaye motar da na'ura mai kama da matacin kai, yana sauraro. Aka karɓi wayoyinmu aka kulle a akwatin ƙarfe. Aka karɓi agogon Tandeka. Motar fetur ma ba ta shiga, wai tartsatsin fulogi ya isa ya ɓata aikin yini. Ni ina ganin na fita, sai ya nuna yatsana.

"Wannan fa?"

Ɗan carbin nan ne na zamani mai batir, wanda ake sawa a yatsa ana dannawa. Na ce masa na ambaton Allah ne, ba ya kiran kowa. Ya yi murmushi, ya ce duk abin da ke da batir sai an gwada shi tukuna, kuma mai gwajin sai mako mai zuwa. Na cire na miƙa, na koma lissafi da gaɓoɓin yatsu kamar yadda aka koya mana muna yara.

Bayan wani tudu sai ga su. Farantai farare, kowanne ya fi gidan bene tsawo, sun bazu a fili har inda ido ya gaza. Muna tsaye duk suka juya tare a hankali, kamar sahun masallata, babu ko ƙara sai iska. Gani ya kori ji. Na yi tasbihi, na juya in ce wa wani, "Ka gani?" da Hausa, babu wanda zan ce wa.

Abin da ya kai ni

Bari in yi bayani, ko Allah zai sa mai karatu ya fi dangina haƙuri. Taurari ba a warwatse suke ba, garke-garke suke, kowane garke ana kiransa galaksi. Wani lokaci biyu sukan yi karo su cakuɗe, iskar gas da ƙurar da ke cikinsu su tattaru a tsakiya. Irin waɗannan suna fitar da zafi na fitar hankali, amma in ka duba su da madubin hangen nesa ba ka ganin abin kirki, ƙura ta rufe cibiyar ruf. Sai dai hasken zafi, wanda ido ba ya gani, irin wanda kake ji a fuska in ka matsa kusa da garwashin da toka ta lulluɓe.

Tambayar ita ce, me ke ci a ƙarƙashin tokar? Ko dai taurari ne ake haifa da yawa a lokaci ɗaya, manyan cikinsu suna fashewa, ko kuwa wani ƙaton baƙin rami ne a tsakiya yake haɗiyar abin da ya matso shi. Haske ba ya iya fitowa ya ba da labari, amma igiyar rediyo tana ratsa ƙura ta wuce. Ita ce farantan suke tarawa. Kafin ta iso mu ta yi tafiyar ɗaruruwan miliyoyin shekaru, ta raunana ƙwarai, shi ya sa waya ɗaya a aljihu za ta iya danne ta.

Zaman Karu

Masaukinmu wasu 'yan ɗakuna ne a bayan tudu, nesa da farantan. Abinci naman tunkiya da dankali, ni kuwa da ban san yankan ba na zauna a kan ƙwai da burodi har na fara jin kunyar kaji. Aiki a wani ɗaki ake yi mai ƙofar ƙarfe biyu, sai ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu. Ba ruwan rediyo da dare ko rana, saboda haka yawancin aikina da rana tsaka na yi shi.

Ba a jin kiran salla a Karu. Ni ne ladan, ni ne liman, ni ne mamu. Ranar Juma'a ta farko na yi wanka na sa farar riga bisa sabo, sannan na tsaya a bakin ƙofa ina tunanin yadda titin Gyaɗi-Gyaɗi yake cika a wannan lokaci, da tabarmi har bakin kwalta, da masu turare da asuwaki. Na yi azahar raka'a huɗu a kan tsakuwa. Tun da na balaga ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Akwai tarho na igiya guda ɗaya a ofis, da shi nake kiran Yaya in ta taso daga aiki. A makon farko labarin ɗaya ne kullum.

"Yana soro tun asuba har hantsi. Ya ƙi shan koko. Duk wanda ya gifta sai ya ce, Abbana bai zo ba?"

"Me kike ce masa?"

"Ina ce masa ka tafi Ikko. Sai ya ce to, bayan ɗan lokaci ya sake tambaya."

Abin yana ci mini rai, amma in faɗi gaskiya, har da ɗan daɗi a ciki. Mai tambaya ai bai manta ba.

Galaksin da na zo dominta ta hau sama wata Talata da hantsi. Farantan suka juya gare ta, suka bi ta har la'asar. Wanda yake zaton za a ji wani sauti ko a ga wani abin mamaki zai sha kunya, lambobi ne kawai suke zuba a allon kwamfuta. Kwanaki muka yi ni da Tandeka muna tsince su kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa, muna fitar da ƙarar jiragen sama da ta taurarin ɗan'adam.

A cikin mako na biyu ne Yaya ta ɗauki waya da sakin murya.

"Alhamdu lillahi, yau an samu sauƙi. Ya sha kokonsa tas, har ya nemi ƙari."

"Ya tambaye ni?"

Sai ta shiga ba ni labarin ruwan da aka yi jiya.

"Yaya, ya tambaye ni?"

"Jiya ma bai tambaya ba, Abba. Amma ka ga yana cin abinci."

Na ce mata madalla. Na ajiye tarhon, na daɗe a zaune ina kallonsa.

Kashegari hoton ya fito. Ɗigo biyu ne kusa da juna, cibiyoyin galaksi biyun da suka yi karo, ba su gama haɗewa ba. Ɗaya a baje take, irin ta wurin da ake haihuwar taurari. Ɗayar kuwa a dunƙule, kuma yadda ƙarfinta yake daga wannan mitar rediyo zuwa waccan bai yi kama da na 'yar'uwarta ba. Tandeka ta buga tebur ta miƙe.

"Ka ga wannan? Zai iya zama baƙin rami. Ba za mu rantse ba sai an haɗa farantan nahiyoyi an duba, amma ka samu abin rubutawa!"

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Abin da na yi shekaru ina nema ga shi a gabana. Amma murnar da ba ka da wanda za ka kai wa ba ta daɗewa a baki. Da yamma Tandeka ta zo ta ce an samu gurbi, wasu sun fasa, in na ƙara mako ɗaya za a sake ba ni yini guda a kan farantan. Ta ce irin wannan ba ya zuwa sau biyu. Na ce mata na sani, na gode, amma mahaifina yana jirana. Na faɗa ne ina roƙon Allah ya sa gaskiya na faɗa.

Komowa

Pita ya mayar da mu. A shinge aka ba ni wayata da carbina. Kef Tawun, Johannesbag, Legas, duk na wuce su kamar a mafarki. A Legas ruwan sama ya riƙe mu rabin yini. Mun sauka Kano bayan la'asar, ƙasa ta yi kore shar, iska tana ƙamshin ruwa. Tun daga cikin adaidaita na kira Yaya na ce ga ni nan tafe.

"Kada ka zo yanzu," in ji ta. "Da yamma ya fi ruɗewa. Ka bari sai asuba, lokacin da ka saba. Ka sa jallabiyar nan taka ruwan toka, ka tsuguna inda kake tsugunawa. Wataƙila."

Haka na wuce ta bakin layinmu ban tsaya ba. Na kwana a Tarauni, tafiyar da ba ta kai a hau mota ba tsakanina da shi, amma ta fi mini Karu nisa.

Gyaɗi-Gyaɗi

Na yi asuba a masallacin unguwa, aka yi ta yi mini barka da sauka. Na tako a ƙasa. Yana soro a kan buzunsa, ya ɗan rame, an yi masa aski. Yaya tana tsaye daga ciki ta riƙe labule. Na yi sallama, na tsuguna a wurina.

"Baba, ina kwana?"

Ya ɗago. Ya dube ni ya daɗe, fuskarsa a sake, har na ga kamar leɓensa zai motsa da sunan. Sai ya gyara zama ya matsa gefe.

"Lafiya lau. Maraba, maraba. Haba Malam, kada ka tsuguna a ƙasa, hawo nan." Ya daddaɓa buzun da tafin hannu. "Malama, a kawo wa baƙo ruwa."

Tun da aka haife ni ban taɓa zama a kan buzun Baba ba. Na dubi Yaya, ta saki labulen ta shige ciki. Na cire takalmi na hau.

"Daga ina?"

"Daga kudu, Baba. Can ƙarshen ƙasa, inda teku ta tare hanya."

"Kai! Ka sha hanya. Yaya titin?"

Na ba shi labari tun daga Legas. Ya yi dariyar karen da ya kama kilishi har da tari. Ya tambayi irin motar Pita, da ya ji mai gas ce ya gyaɗa kai, ya ce ita ce motar daji. Na faɗa masa farantan, da ƙurar da ta rufe cibiya, da ɗigo biyun, da wanda muke zaton baƙin rami ne. Bai katse ni ba, bai yi hamma ba, sai dai ya ce "Ikon Allah" a inda ya dace. Shi ne mutum na farko a Kano da ya saurare ni har ƙarshe.

Aka kawo koko da ƙosai, ya tura mini kwanon, ya ƙi sa hannu sai da na fara. Da hantsi ya yi na ce zan tafi. Ya lalubi sandarsa ya miƙe, na ce ya zauna, ya ce ba a yi haka ba, ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai. Ya rako ni har ƙofar gida, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Mun gode da ziyara, Malam. In ka sake biyowa ta nan kada ka wuce mu. A gaida mutanen gida."

"Za su ji, Baba."

Na kai kwanar layi kafin hawayen su zubo.

Ina gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Tandeka da Pita, da Yaya Rabi wadda ta faɗa mini gaskiya tun a ƙofar gida kuma ba ta goranta mini ba da na dawo. Ina kuma gode wa Baba, wanda har yau bai taɓa wulaƙanta baƙo ba.